Jan Tsumma a Lambun Kaka

Wata Asabar ce a ƙarshen daminar 1985, ina aji huɗu a firamare. Na fito da bokiti zan ɗebo ruwa a rijiyar lambun Kaka, bayan gidanmu a unguwar Bukan Sidi da ke Lafiya, sai na tarar da mutane tsaye cikin kuɓewa. Na saki bokitin, na ja da baya. Da na ƙara dubawa na ga ashe ba masu rai ba ne: wani an haɗa shi da tsohuwar garma da sarƙar keke, wani da yumɓu, wata kuma kanta fasasshen tulu ne. Kawu Isiyaku, autan Kaka, yana durƙushe a tsakaninsu da waya a baki, yana ɗaura wa wani hannu. Ya ɗago ya ce, "Hajara, zo ki gaida baƙina." Ko taku ɗaya ban ƙara ba.

Da ma ni tun dawowarsa ban yarda da shi ba. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi Jos wajen ƙanen Kaka, can ya girma, can ya yi karatun zane da sassaƙa, ya dawo mana da gashi buzu-buzu. Mutumin da zai bi bola yana tsintar tsofaffin kwanuka, ya zo gida ya wanke su da sabulun wankanmu, ai dole a sa masa ido. Ya ce a Lafiya babu ɗakin da ake nuna irin aikinsa, kuma ko da akwai, ya fi so a kalle shi inda ake shuka abinci. Babanmu ya yi ta gunaguni cewa gumaka ne, amma Kaka ba ta iya ce wa autanta a'a. Sharaɗi ɗaya ta kafa masa: "Kada a taka mini yakuwa."

Lambun nan ba shi da shinge. Mu yara ne shingensa, mu kori awaki da safe, mu yi ban ruwa da yamma, in mun gaji mu zauna gindin gwanda muna carafke. Akwai kuɓewa da yakuwa da rama da gauta da barkono, kuma a unguwarmu duk macen da miya ta kama ta babu ganye, sai ta bi ƙaramar hanyar baya ta shiga ta tsinki na tukunya ɗaya ta tafi, ba sallama, ba neman izini. Abu ɗaya ne yake hana wannan. In aka yi wa mai lambu ɓarna har ransa ya ɓaci, sai ya kafa sanda a bakin hanya, ya rataya mata sakaina da tsohuwar tsintsiya da jan tsumma. Kowane yaro ya san ma'anarta: akwai ɓarawo a cikinku, wanda ya sake taɓawa cikinsa zai kumbura.

To, a daidai bakin wannan hanyar Kawu ya kafa abin da ya fi ji da shi. Doguwar sanda ce mai ɗan lanƙwasa, ƙwarya a matsayin kai, an naɗe ta da jan ƙyalle, ga tsintsiya a hannu. Ina ganinta tsoro ya kama ni, domin ni na san wadda take satar ɗanyen gauta tana ɓoyewa a aljihun yunifom. Na ce shi ke nan, Kawu ya gano ni. Wuni na yi ranar ina latsa cikina a bayan gida ina duba ko ya fara tashi. Ban tambaye shi ba, ban gaya wa kowa ba. Kaka kuwa ciwon gwiwa ya hana ta wuce bakin rijiya, ba ta ma san abin da ke can ƙarshen lambun ba.

Da safiyar Lahadi ina korar awaki na hango Mama Laraba tafe da ɗan kwandonta. Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Eggon, ƙawar Kaka tun kafin a haifi babanmu. Kullum za ta tsinki yakuwa, ta share ganyen da ya zuba a hanya da tsintsiyar da ba ta rabuwa da ita, sannan ta zagayo bakin rijiya su yi ta hira da Kaka har rana ta yi zafi. Bayanta ya ɗan ranƙwafa, kuma ban taɓa ganinta ba jan ɗankwali ba. Ta tsaya gaban sandar, ta daɗe tana kallo, ta kai hannu ta shafa ɗankwalinta. Sai ta juya da kwandon wayam. A lokacin na gane ba ni aka kafa wa ba, kuma wallahi daɗi na ji. Har yau ina jin kunyar wannan daɗin.

Ranar da aka buɗe nunin ayyukan Kawu, abokansa suka zo daga Jos, su da wasu malaman makaranta, suna zagaya kunyoyi da hannu a baya, suna gyaɗa kai gaban garma. Matan unguwa kuwa suka tsaya can nesa suna leƙe, babu wadda ta ƙetaro. Bayan ranar ma babu wadda ta sake shigowa. Kuɓewa ta ƙosa a jikin itacenta har wuƙa ba ta yanka ta, yakuwa ta yi fure. Kaka takan sa a shimfiɗa tabarma biyu a bakin rijiya, a naɗe ɗaya da azahar ba wanda ya zauna a kai. Ta aike ni in dubo ko Mama Laraba ba ta da lafiya, na same ta tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce da irin Hausarta, "Ki gaya wa kakanka, ni ba ɓarawo ba ne."

Sai a ranar na faɗi abin da na gani, bayan kwana tara. Kaka ta dogara sanda ta ja ƙafa har ƙarshen lambun, ta kira Kawu. Shi kuwa har da murmushi yake bayani, wai Mama Laraba ce ya siffanta don girmamawa, tun yana yaro yake tuna ta da jan ɗankwali tana share hanyar nan. Kaka ta dube shi ta ce, "Auta, ka yi karatu, amma ba ka san garinku ba." Da hannunta ta tumɓuke sandar. Ta ɗora mini kwandon yakuwa, ta sa Kawu a gaba, muka tafi gidan Mama Laraba, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Tsohuwar ta saurare shi tsaf, ta ce ba komai, ta rako mu har ƙofa. Ni dai na lura ba ta taɓa kwandon ba.

Ta dawo bayan sati, kuma ta ci gaba da zuwa har ƙarshen rayuwarta. Sai dai ba ta ƙara bin hanyar baya ba. Takan zagayo ta ƙofar gida, ta yi sallama, ta tsaya ta ce, "Maman Isiyaku, in tsinka yakuwa kaɗan?" Ranar farko Kaka ta ce, "Haba Laraba, ni kike tambaya?" Washegari ta sake tambaya. Shekara shida suna haka, kuma duk ranar da ta tambaya sai na ga Kaka ta kau da kai ta goge ido da bakin zane.

Yanzu inda lambun yake ɗakunan haya ne, an zagaye su da katanga har da fasassun kwalabe a sama. Kawu ya yi furfura, ana kai aikinsa manyan ɗakuna masu fitilu, kuma in na je kallo har yau sai na tsaya ina tunanin wa abin zai ɓata wa rai. Yakuwa kuwa a kasuwa nake saye, a ɗaure, daga hannun wadda ban san sunanta ba. Da na yi magana tun ranar Asabar ɗin nan, da Mama Laraba ta mutu ba ta taɓa neman izini a lambun ƙawarta ba.