Ƙwaryar Sa'adiyya, Daga Mai Wurno Zuwa Kamlin

Litinin: Mai Wurno zuwa Sinnar

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida, da dawowata daga masallaci. Mai ɗakina ta miƙo mini jaka da ƙunshin dabino, ta ce, "Mai kifi dai ta ce. Kada ka kwaso mana wata." Karo na uku ke nan tana faɗa, na ce na ji.

Ga abin da ya tayar da ni. Ɗiyarmu ta fari, Sa'adiyya, shekara shida ke nan tana aure a Jidda. Bana suka koma gida mai falo. Ta bugo waya ta ce maƙwabtanta kowa ya ƙawata ɗakinsa da kayan ƙasarsu, mutanen Yaman da nasu, Habashawa da nasu, ita nata bangon fari fat kamar asibiti. Ta ce, "Baba, ƙwarya nike so irin ta ɗakin Inna, mai zanen kifi da igiyar ruwa, in rataya." Inna ita ce mahaifiyata, Allah ya jiƙan ta, a ɗakinta Sa'adiyya ta tashi. Ƙwaryar kuwa ta fashe tun shekarar da ruwa ya kayar da ɗakin.

Mutum ɗaya na sani mai wannan zane, Baba Jaɗi, wanda ya yi ta farkon, yana zaune kusa da Wad Haddad. Mai kai saƙon kuma Usman ne, ɗan yayata Ige da ke Kamlin. Direba ne a Jidda, ya zo hutu, ranar Alhamis da hantsi zai tashi zuwa Hartum ya hau jirgi. In ya tafi ba da ƙwaryar ba, sai bayan shekara biyu.

Hayis, ƙaramar motar haya, ta cika shida saura minti goma. Na samu wurin taga, raina fari tas, don rabona da wuce Sinnar an daɗe. Malaminmu na ajin manya ya ce in rubuta kowane lokaci a littafina, saboda haka duk inda muka tsaya sai in duba agogo. Shida da minti ashirin da biyar muka shiga tashar Sinnar. Na sha shayi da madara wurin wata mai shayi, da ligemat, wato 'yan fanke, guda biyar masu zafi, har sukari ya manne mini a yatsu.

Litinin da Talata: Wad Haddad

Bakwai da rabi motar Madani ta tashi. A shingen 'yan sanda na bayan gari aka duba katin kowa, ba a ɗauki minti biyar ba. Daga nan sai gonaki, dama da hagu, dawa ta fitar da kai, auduga ta fara fari. Allon da ke bakin hanya ni na karanta shi da kaina kafin direba ya yi magana. Na ce, "Wad Haddad, a sauke ni!" Ƙarfe takwas da minti arba'in ke nan.

Daga bakin titi na hau karo, wato amalanken jaki, zuwa kambo, ƙauyen masu aikin gona da ke gefen babbar hanyar ruwa. Tafiyar rabin awa ce. Na tarar da Baba Jaɗi a gindin darbejiya yana ɗinke wata tsagaggiyar ƙwarya. Ya tsufa ƙwarai, amma hannunsa bai rawa. Na yi sallama na faɗi sunan mahaifiyata.

Ya ɗago kai ya ce, "Ɗan Hassi ne? Kai ne mai kukan nan da aka goyo ranar da ta zo karɓar ƙwaryarta? To zamna, yanzu dai ba ka kuka ko?"

Na faɗa masa buƙatata. Ya sa aka fito da ƙore bakwai daga rumbu. Kowace sai ya kai ta kusa da kunne ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Shida ya ture gefe. Ta bakwai da ya buga, sai ta amsa kamar ƙaramar ganga. Ya ce, "Wagga ta."

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Wuƙaƙe uku ya jera a garwashi, in ɗaya ta huce ya mayar ya ɗauko wata. Bai zana komai da farko ba, bai auna ba. Yana juya ƙwaryar a kan gwiwa, wuƙa tana ci, hayaƙi yana tashi da ƙamshi kamar na gasasshiyar gyaɗa. Kafin azahar igiyar ruwa ta zagaye baki. Kafin la'asar kifi na farko ya fito, har da ido. Na miƙe tsaye ban sani ba, na ce, "Wallahi shi ne!" Ya ce, "Ka tare mini haske."

A gidansa na kwana. Aka kawo tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, muka ci a tsakar gida. Da gari ya waye ya koma kan aiki, ƙarfe goma sha ɗaya ya gama. Kifi tara suna bin juna a bayan ƙwaryar, duk sun nufi gindi. Ya goge ta da farar ƙasa, zanen ya fito baƙi wuluk. Ya ƙara mini da ɗan ƙoƙo mai kifi ɗaya, ya ce in kai wa mai ɗakina.

Na sallame shi, sannan na ce, "Baba, saura ka huda mini bakinta, inda za a sa zare."

Ya ce, "Zaren mi?"

"Na rataya. A bango za a sa ta, don kallo."

Ya ajiye wuƙar. "Shekara sittin ina toshe hujin ƙwarya. Yau kai ka zo in huda lafiyayya? Ba da hannuna ba."

"Baba, ai ba nono za a zuba ba."

"Ko iska za a zuba, ba ni huda ta. Tafi ka tambayi mata, su sunka san rataya."

Na ɗauka kora ce irin ta tsofaffi. Na ba shi haƙuri, na naɗe ƙwaryar a rawanina, na ce a raina Madani babban gari ne, ba za a rasa mai huda ba.

Talata: Wad Madani

Sha biyu da rabi na samu mota. Direba ya ce a ɗora kayan a sama. Na ce, "Wannan a cinyata za ta zauna." Ya ce, "To ta biya kuɗin kujera." Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ɗaga gefen rawanin ta leƙa, ta ce masa da larabci, "Kai dai ja mota, wannan ta fi motarka daraja." Aka yi ta dariya har shinge na gaba. Can ma ɗan sanda ya ce in buɗe, ya juya ta, ya ƙirga kifin, ya ce kakarsa tana da irinta. Biyu da minti goma muka sauka Madani.

A babbar kasuwa aka nuna mini shagon kayan ado, inda masu komawa ƙasashen waje suke sayen tsaraba. Jama'a, ku zo ku ga abin da muke takawa a gida an ɗora shi a kan gilashi! Faya-fayai masu launi an jera a bango tun daga ƙasa har rufi. Ga tabarmi, ga tukunyar gahawa ta yumɓu, ga kaskon turare, ga ɗan mitsitsin angarib, gadon nan namu na igiya, wanda ko kyanwa ba za ta kwanta a kai ba. Faifan da matan unguwarmu suke sakawa su rufe tuwo, na tambayi kuɗinsa, ya ninka na Mai Wurno sau biyar. Na yi ta zagayawa kamar ba sauri nake ba.

Ga ƙore kuma, kowace da hujinta da jan zare. Na nuna wa mai shagon tawa. Ya ce, "Ya hajj, minti ɗaya ne." Ya jawo injin huda na lantarki. Har na miƙa masa, sai na janye hannu. Na ce, "Fara gwadawa da wannan," na ba shi ɗan ƙoƙon.

Injin ya yi ƙara, sai na ji ƙas! Tsaga ta tashi daga baki ta ratsa kifin har gindi. Mai shagon ya duba kaurin ƙoƙon ya girgiza kai. Ya ce nasa masu kauri ne, an shafe su da mai, wannan kuwa an kankare shi har ya zama kamar ɓawon ƙwai. Ya ce, "Babbar ba za ta yi haka ba, kawo." Na rungume ta a ƙirji. Da ya ga ba zan bayar ba, sai ya ce in sayar masa, ya faɗi kuɗin da ya sa na sake kallon fuskarsa. Na ce ta riga ta yi mai ita.

Da magariba na ci agashe, tsiren ƙasar nan, wurin wani Bahaushe a bakin kogi, naman ya yi daɗi amma hankalina ba ya kai. Na kwana a lokanda, wato masaukin baƙi, gado ɗaya a tsakar gida, ƙwarya a gefen kaina. Kwana ɗaya ya rage, kuma ban san yadda za a rataye ta ba.

Laraba da Alhamis: Kamlin

Ƙarfe bakwai muka bar Madani, muka tsaya Hasahisa minti ashirin, tara da rabi ina ƙofar gidan Yaya Ige. Usman ya tarye ni yana cewa, "Kawu, na ce ko ka fasa. Ina amaryar?" Na kwance rawani. Yaya ta karɓa, ta shafa zanen. Sannan na ba su labarin huji, na fito da fasasshen ƙoƙo.

Yaya ta dube ni ta ce, "Bello, kai da gemunka fari ka kai ƙwaryar Baba Jaɗi wurin mai inji? Ta Inna da huji ka gan ta?"

Na ce, "Ban tuna ba, Yaya."

"Ina za ka tuna? Ku maza in kun shiga ɗaki, idonku na cikin akushi. A ragaya take, bisa kan gadonta."

Usman ya ce, "Mene ne ragaya?"

"Mishle'ib, ɗan Jidda! Abin igiya da ake ratayawa a rufi a ɗora ƙwaryar nono, don kyanwa. Firji ya zo duk kun manta."

Nan take ta jiƙa kaba, ta aika aka kira maƙwabtanta biyu. Yaya tana fama da ciwon yatsu, saboda haka su suka murza igiya a cinya, ita tana ƙullawa. Ja da kore da ruwan kabar kanta suka haɗa. Suna aiki suna yi mini tsiya. Ɗaya ta ce, "Malam, in ka koma ka huda tulun gidanka ma, ya fi kyau a bango." Na ce na karɓi laifina, na je na sayo musu gahawa da citta. Magariba ta yi an kai rabi, Yaya ta ce idonta ya gaji, sai da safe.

Alhamis tun bayan sallar asuba suka koma. Motar Usman ƙarfe goma za ta zo. Takwas ta yi, tara ta yi, ina duba agogo, Yaya tana cewa, "Ka cire abin nan daga hannunka ko in jefa shi a randa." Tara da minti ashirin ta ƙulla tuntu na ƙarshe. Usman ya hau kujera ya rataya ragayar a azarar rumfa, aka zaunar da ƙwaryar a ciki, ta zauna daram.

Yaya ta ce, "Kwanta a angarib ɗin nan ka dubi sama."

Na kwanta. Iska ta ɗan juya ragayar, sai ga kifi tara suna zagayawa a kaina, ɗaya bayan ɗaya. Ashe shi ya sa ake zanen a baya, ya gangara gindi: daga ƙasa ake kallonsa. Yaya ta ce, "Haka ɗiyarka take ganinta kullum kafin barci ya ɗauke ta." Na daɗe a kwance, sai da Usman ya ce, "Kawu, jirgi ba ya jiran kifi."

Ya cika cikin ƙwaryar da rigunansa, ya sa ta a jakar hannu, ya ce zai kafa ƙugiya a rufin falon da kansa. Goma da minti biyar motarsu ta tashi.

Komawa gida

Sha ɗaya na hau ta Madani, na canza mota a can, na sake canzawa a Sinnar. Ana kiran magariba na sauka Mai Wurno. Mai ɗakina ta karɓi fasasshen ƙoƙonta, ta ji labari, ta ce, "Da ni ka tambaya, da ba ka kai Madani ba." Na ce ai da ban ga shagon ba.

Ranar Asabar da hantsi saƙon murya ya shigo wayata. Sa'adiyya ce, tana dariya tana jan hanci. Ta ce, "Baba, ta iso lafiya, ko ƙwarzane babu. Na ture kujeru na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Ga mu nan kwance ni da yara, maƙwabciyata ma ta shigo ta kwanta."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Yaya Ige da maƙwabtanta, da Usman da ya ɗauki kaya. Baba Jaɗi kuwa, na ba mai zuwa Wad Haddad goro da sukari ya kai masa, na ce ya faɗa masa ɗan Hassi yana godiya da aikin da ya yi, amma ya fi gode masa da wanda ya ƙi yi.