Ranar da Aka Hana Hajo Tuta

Har yau in na ji ƙanshin sabuwar shinkafa a kan wuta sai raina ya sosu, kuma na san dalili. Abin ya faro ne shekarar da aka ba Najeriya mulkin kai, ina 'yar aji biyu a makarantar ƙauyenmu, can yamma da Bagudo. Daga gonarmu ta ƙarshe in ka tsallake wani ɗan kogi ka shiga ƙasar Dahome ke nan, amma mu ba mu kiranta da wannan suna. Ƙetare muke cewa. Can gwaggona take aure, can muke zuwa suna da ta'aziyya, su ma nan suke zuwa.

Kakata, Iya Tumba, ita ce uwar tuwon gari. Duk gayya, duk biki, ludayin rabo a hannunta yake. Da an idar da sallar isha'i takan zauna gindin murhu ta miƙe ƙafafu, mu kewaye ta, ta yi ta zuba mana tatsuniya tana tsokanarmu. Ni takan ce mini mai kunnen ƙashi. Hajo kuwa, 'yar gwaggon tawa, wadda ke zaune a gidanmu saboda makaranta, ita ce 'yar gaban goshi, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ko ni na san ta fi ni kai.

Yadda Hajo ta shiga makarantar nan shi ne abin da ke ƙona mini rai. Lokacin da hukumar En'e ta ce a kawo yara boko, manyan gari duk ɓoye nasu suka yi, wani a rumbu, wani a ruga. Benci ya zauna wayam, har aka fara zancen rufe makarantar. Hedimasta, Malam Garba, shi ya zo da ƙafarsa ya durƙusa gaban Iya, ya roƙe ta ta nemo masa yara ko daga ina ne. Iya ta tsallaka ƙetare ta yi ta lallashin dangi, ta dawo da Hajo da wasu 'yan yara. Baban Hajo masunci ne mai zuciya, bai so ba ko kaɗan.

"Iya, don ke na ba da ita," in ji shi. "Amma ran da anka wulaƙanta min ɗiya, rannan zan ɗauke abata."

Da bikin mulkin kai ya matso, gari ya tashi tsaye. Aka kira gayya. Maza suka sake wa ajin jinka, kuma ciyawar daga fadamar ƙetare aka yanko ta, mutanen can suka ɗauko a ka. Samari suka share fili suka kewaye shi da danga. Mata suka yi ta sussukar sabuwar shinkafa. Manyan tukwanen dahuwa ma aro aka yi daga ƙetare, don namu ba su kai girmansu ba. Mu kuwa kullum da yamma muna fili muna koyon maci, kowa da karan dawa a hannu a matsayin tuta. Hajo aka zaɓa ta tsaya a gaba ta riƙa ba da waƙa muna amsawa, saboda muryarta har bakin kogi ake jinta. Ana gobe biki babanta ya gangaro da kwalekwale cike da kifi, ya ce gudummawarsa ke nan, kuma zai kwana ya ga 'yarsa a gaban layi.

Ran nan ne da azahar wani jami'i ya iso daga En'e da ƙunshin 'yan tutoci da kofuna na rabon yara. Ya sa aka jera mu, ya bi mu ɗaya ɗaya yana tambayar inda aka haifi kowa. Mu yara, me muka sani? Kowa ya faɗi gaskiya.

Da magariba gidanmu ya cika da mata, murhu ko'ina, ana suyar kifi. Sai ga Malam Garba ya yi sallama, ya tsuguna nesa kaɗan yana murza hula. Ya ce baƙo ya ce tuta ta 'yan ƙasa ce, yaran ƙetare su zauna gida gobe, su da iyayensu kada su shiga cikin danga. Ya ƙara da cewa manyan gari sun kawo 'ya'yansu su cike layi, don haka a taimaka da aron rigunan makarantar yaran ƙetaren.

Ku ji fa. Yaran da aka ɓoye a rumbu, su ne za su sa rigar Hajo su riƙe tuta.

Hajo na kusa da ni tana tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya cikin faifai. Iya ta daɗe tana juya kifi kafin ta ɗago.

"Malam, ran da ka zo nan ka durƙusa kana biɗar ɗiya, ka tambaye ni ina anka yanke mata cibi?"

"Iya, ba ni na ce ba. Daga sama ne."

"Ni Allah kaɗai na sani a sama," ta ce. "Zauna. Yau har da kai za a yi tatsuniya."

Bai iya tashi ba, don a garinmu babu mai juya wa Iya baya. Ta share hannu a zane, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Muka ce, "Ta zo ta zauna." Amma muryarta a ranar ba ta wasa ba ce.

Ta ce wai an yi wani gari mai gaɓa biyu, kogi ya ratsa tsakiyarsa. Suka so su yi tukunyar da za ta ciyar da kowa ranar biki. Yumɓun wannan gaɓa ja ne, yana da kyau amma ba ya jure wuta. Na waccan gaɓa baƙi ne, mummuna, amma wuta ba ta fasa shi. Wata tsohuwa maginiya ta kwaɓa su wuri ɗaya, ta gina tukunyar da sai an taka turmi ake leƙa cikinta. Ranar biki aka ɗora ta, abinci ya nuna, sai wani sabon wakilin sarki ya zo ya ce ai tukunyar a gaɓar nan take zaune, don haka mutanen waccan gaɓa ba su da rabo. Mutanen ba su yi faɗa ba. Suka koma bakin ruwa suka zauna. Tsohuwa ta matsa kusa da tukunya ta ce, "Baƙin yumɓu, ka ji abin da anka ce. Mutanenka sun tafi." Sai baƙin yumɓu ya fara fita daga jikin tukunya, ɗan guntu ɗan guntu, yana gangarawa kogi yana bin mutanensa. Jan yumɓu ya rage shi kaɗai a kan wuta, ya tsage, abinci ya kife cikin toka. Wakilin sarki ya kwana da yunwa, da shi da waɗanda suka yi shiru lokacin da yake magana.

Nan ta tsaya. Muka jira ta rufe tatsuniyar yadda ta saba, ta ƙi. Na ce, "Iya, ba ki rufe ba."

"Ba ta ƙare ba, mai kunnen ƙashi. Sai gobe."

Malam Garba ya tashi ya fita, bai sake zancen riga ba.

Ni a hankalina na yara, na kwana da tabbacin gobe tukwane za su fashe a gaban jami'in nan, kuma wallahi addu'a na yi ta yi su fashe. Da safe Iya ta sa wa Hajo rigarta ta makaranta da hannunta, ta ce ta je ta tsaya a bayan danga inda kowa zai gan ta. Mu aka shigar da mu fili, aka ba kowa tuta da kofi. 'Yar mai unguwa aka tsayar a gaba, yarinyar da ba ta taɓa zama a benci ba. Ba laifinta ba ne, ita ma tura ta aka yi. Aka buga ganga, ta buɗe baki, waƙa ta ƙi zuwa. Muka yi cirko-cirko muna taka ƙasa a wuri ɗaya, jami'i yana kan kujera yana duban Malam Garba. Can sai muryar Hajo ta taso daga bayan danga. Muka amsa tun kafin mu yi tunani. Haka muka zagaye filin nan, mai ba da waƙa tana waje, babanta na tsaye a bayanta ya harɗe hannuwa. Babu wanda ya ce a shigo da ita. Wannan shirun na manyan gari shi ne ban yafe ba har yau.

Da lokacin abinci ya yi, Iya ta hana a shigar da tukwane cikin danga. A al'adar garinmu, ranar gayya ko biki wanda ya zo daga nesa ake fara zuba wa, sai waɗanda suka yi aiki, masu gida su ne ƙarshe, kuma ko sarki ba ya gaya wa mai ludayi wanda za ta tsallake. A gindin tsamiya ta zauna, ta fara da mutanen ƙetare, akushi bayan akushi. Wani dattijo ya zo yana raɗa mata cewa baƙo na jira.

"Ya yanko ciyawa? Ya ɗauko tukunya? To shi jira," ta ce.

Na ji daɗin wannan ƙwarai, amma daɗin bai daɗe ba. Baban Hajo ya bar 'yarsa ta ci, shi ko loma bai kai baki ba. Da ta gama ya durƙusa gaban Iya ya ce, "Iya, na gode, kin yi naki. Amma na faɗa miki tun farko." Ya miƙe ya kama hannun Hajo suka tafi. Na bi su har bakin kogi ina kuka. Hajo ta tuɓe rigar ta ninke ta miƙo mini, ta ɗaura zanen uwarta, kwalekwale ya juya. Daga baya Malam Garba ya aika, ya sake aikawa, har ya je da kansa. Ba a ba shi ita ba.

Na yi shekaru ina jin haushin Iya, ina ganin tatsuniyarta ƙarya ta yi, tunda tukunya ko ɗaya ba ta fashe ba, jami'i kuma ya ci ya ƙoshi ya koma Bagudo. Sai da na girma na zama malamar makaranta sannan na gane ni ce na yi gaggawa. Da damina ta zagayo aka kira gayyar jinka, ba wanda ya zo daga ƙetare. Sauran yaransu ma an janye su ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan manya da aka jera ranar biki, washegari ko ƙeyarsu ba a gani ba. Ajin ya yi ta yoyo muna rakuɓewa a lungu ɗaya. Iya ta ce baƙin yumɓu ɗan guntu ɗan guntu ya fita, ni ce ban saurara da kyau ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jami'in nan kwana ɗaya ya yi a garinmu, ƙila ko sunan garin bai riƙe ba, amma Hajo ɗan karatun da ta yi ya zube, ta rayu ba ta iya karanta ko sunanta a katin asibiti ba, bayan ita ce ta koya mini baƙaƙen farko.

Ina dab da barin aiki, wata safiya ina tsaye a ƙofar aji, sai ga Hajo ta tsallako daga ƙetare, ta tsufa, tana riƙe da hannun wata 'yar jikarta mai manyan idanu. Muka gaisa, muka tambayi gida. Ta turo yarinyar gabana ta ce tana da kai, kuma tana da murya. Na miƙa hannu zan karɓe ta, Hajo ta ƙi saki.

"Tsaya tukun, 'yar'uwa," ta ce. "Ki gaya min gaskiya tun yanzu. Don cika benci kuke sonta, ko har ranar biki taku ce?"