Sunan da Iya ta faɗa a bakin teku

Ranar wata Laraba ce da hantsi, cikin bazara, a shekarar da sarauniyar Turawa ta zo ƙasar nan. Ina zaune a gindin rumbu a gidanmu na Ƙofa ina ɓarar gyaɗar iri, duwatsun carafkena suna ƙarƙashin cinyata don kada Inna, mahaifiyata, ta gani, sai muka ji sallamar mai unguwa a zaure. Iya ce ta fita, kakata ta wajen uba, ni kuma aka ɗora mini ƙwaryar ruwa na bi ta. Bai ko sha ba. Ya ce dagaci ya aiko shi: gonarmu ta bakin fadama ta yi damuna biyu ba ta ga fartanya ba, sabara ta cinye ta, ga baƙi suna neman wurin noma. In ruwan shuka ya sauka bana babu namiji a kanta, za a ba wani. Iya ta ce ta ji, ta gode, a gai da dagaci. Da muka koma cikin gida ta tsaya a tsakar gida, ta dubi ɗakin babana da asabarinsa ya daɗe a sake, ta ce, "Zan je in ɗauko wannan yaron."

Wannan yaron shi ne babana. Ya tafi cin rani Ikko, garin da kuke ce wa Legas, tun ina ƙarama, ya bi buhunan gyaɗar da ya noma da hannunsa, aka ce yana dako a tashar jiragen ruwa, kuma bai dawo ba. Kakana ya rasu, Inna tana kulle, Iya ƙarfinta bai wuce gayaunar bayan gida ba. Mu yara ne ke kai da kawo: ɗebo ruwa a rijiyar unguwa, surfe, tsinto kara, tallar ƙuli-ƙuli, sannan da la'asar a sake mu mu yi 'yar tsana da ƙashin akuya ko mu buga gaɗa har ƙafa ta yi fari. Ba mu rasa tuwo ba, amma ko yaro ya san gidan da ba shi da gona ya kusa watsewa.

To, ga abin da nake so ku gane, ku 'yan yanzu. Babana shi ne ɗan farin Iya, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma kunyar nan ita ce adon mace. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In maƙwabci mai irin sunan ya wuce, sai ta ce mai sunan yaron nan. Inna ba ta faɗin sunan miji. Abokansa Dogo suke ce masa, mutanen gari ma haka. Ni da na kai shekara tara a gidan, wallahi ban taɓa jin sunansa na yanka ba, Baba kawai na sani. Ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba.

Iya ta ce da ni za a tafi, wai in ya ga yadda na girma zuciyarsa za ta karye. Muka bi wani falken goro na garinmu, a kan jakuna har Dangora, daga nan jirgin ƙasa. Na ga ƙasa tana sauya launi ta taga, kuka ta ƙare, giginya ta ƙare, daji ya yi duhu, tufafina suka manne da jikina kamar an watsa mini ruwa. Falken ya sauke mu a zangon Hausawa na Agege, wurin wata dattijuwa mai tuwo, ya tafi harkar gabansa.

Ikko gari ne da ruwa ya yayyanka. Zangonmu can baya yake, nesa da komai, kamar an share mu an tara a lungu. In ka shigo sai ka wuce unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, ka iso ƙarshen layin dogo, sannan ka hau wata doguwar gada ka faɗa tsibiri. A nan kasuwa take, da lunguna masu warin kifi da manja, da tsofaffin benaye masu fenti da tagogin katako, aka ce na bayin da suka dawo daga hayin teku ne. A bakin ruwa manyan kantuna da ofisoshi sun jeru, an shafe gindin itatuwa da farar ƙasa tun zuwan sarauniya. Gaba kuma unguwar Turawa, mai ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, inda baƙin mutum ba ya shiga sai da tsintsiya ko tukunya a hannu. Iya ta yi ta gaishe da duk wanda muka haɗu da shi a hanya, tana rusunawa, babu mai amsawa. Tun daga nan raina ya fara ɓaci.

Tashar kayan tana hayin ruwa, sai da muka shiga jirgin fito. Ƙanshin gyaɗa ne ya fara tarbarmu, na garinmu sak, gauraye da warin gishiri da baƙin mai. Ta cikin shingen ƙarfe na hango buhuna sun yi tsauni, maza ba riga suna hawa katako da buhu a wuya kamar tururuwa, suna zuba wa wani jirgi da ya fi unguwarmu girma. A ƙofar kamfanin akwai maigadi, tsohon soja da kakinsa da kulki, fuskarsa da tsage irin na mutanenmu. Da ya amsa sallama da Hausa, Iya ta yi hamdala, ta durƙusa ta gaishe shi, shi da bai kai ɗanta ba. Ta ce tana neman Dogo, mutumin Ƙofa.

"Iya, nan Ikko ne," ya ce. "Dogo nawa kike so? Akwai na Zariya, akwai na Katsina, har Dogo gajere muna da shi. Faɗi sunan yanka a kira miki shi."

"Ɗan nan, kai ma uwa ce ta haife ka," in ji Iya. "Na fari ne."

Ya gane. Wannan shi ne abin da ba zan yafe ba har in shiga kabari. Da Bayarabe ne ko Inyamuri, sai in ce bai san al'adarmu ba. Wannan ya sani, ya sha ta a nono. Ya juyo ya tambaye ni, na ce Baba, ya tuntsire da dariya. Ana cikin haka sai ga wani Bature da matarsa, irin waɗanda jirgin fasinja ke saukewa su zaga gari su kalli mutane, yana rataye da akwatin ɗaukar hoto. Maigadin ya ƙame, ya sara masa, ya shiga yi masa bayani da guntun Turancinsa yana nuna Iya da kulki. Matar ta rufe baki tana dariya. Baturen ya buɗe akwatinsa, ya ja da baya, ya saita, yana jira. Masu tallar lemo da 'yan zaman banza suka zagaye mu. Maigadin ya ce ko ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji, ko mu koma inda muka fito.

Iya ta daɗe tana kallon ƙasa. Na san abin da take aunawa: gonar da mijinta ya sare da gatarinsa, da hadarin da muka baro yana haɗuwa a gabas. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta faɗa. Ya ce bai ji ba. Ta sake faɗa da ƙarfi, muryarta ta tsage a tsakiya. Akwatin Baturen ya yi ƙas. A nan na fara jin sunan ubana, a bakin titi, cikin shewar 'yan iska, daga bakin da ya tsare shi fiye da shekara talatin. Jikata da ke rubuta mini wannan ta tsayar da alƙalami tana jira in faɗa. Ba zan faɗa ba.

Kun san abin da maigadin ya ce bayan haka? Ya ce ai ba a kiran lebura yana kan aiki, mata kuma ba sa shiga. Mu zauna a gindin waccan bishiya, da yamma duk ta ƙofar nan za su fito. Wato tun farko abin da zai faɗa ke nan. Ya sa tsohuwa ta tuɓe a kasuwa don Bature ya sami abin nuna wa 'yan'uwansa. Na ɗauki dutse, Iya ta murɗe mini hannu har ya faɗi. Muka zauna a gindin bishiyar, ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta buɗe fuska ba, sallah kaɗai ta tashe ta.

Da yamma suka fito, na gane Baba da tsawonsa, ya rame, wuyansa ya yi kanta. Ya zube a gaban Iya ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar yadda ta saba. Ta gaya masa saƙon dagaci. Sai ya fara kame-kame: aiki ya yi yawa, ba ya son komawa hannu rabbana, a bari sai baɗi. Ni ce abin ya ci, na ce, "Baba, yau an sa Iya ta faɗi sunanka a gaban mutane." Ya dube ni, ya dubi ƙofar, maigadin ya riga ya tashi an sauya wani. Sai na ga ƙaton mutum ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe kai da hannuwa. Bai koma ɗaukar ko tabarmarsa ba. Ruwan shuka ya same shi yana sassabe a bakin fadama, kuma gonar tana hannun jikokinsa har gobe. Iya kuwa ba ta taɓa ta da maganar ba, kuma tun daga ranar ba ta ƙara ce masa ko wannan yaron ba. Nuni take yi da haɓa.

Da tsufana jikana ya kai ni Legas gyaran ido, ya zaga da ni a mota. Na ga mutane suna biya a yawata da su, wani saurayi yana gaba yana nuna musu gidan gwamnan Turawa, da tsofaffin benayen nan, da kurkukun da aka mayar wurin shaƙatawa, kowa yana ɗaga waya. Jikana ya fassara mini, na saurara da kyau. An faɗi sunan kowane Bature da ya aza tubali, ba a ambaci wuya ɗaya da ya ɗauki buhu ba. Na ce a kai ni ƙofar, muka tarar da manyan motoci sun toshe ko'ina, babu shinge, babu bishiya. A hanyar dawowa matarsa ta kira shi a waya, ta kama sunansa gatsal, tana kuma ƙwala wa ɗan farinta kira da sunansa, babu wanda abin ya dama sai ni. Ba na zaginsu, zamaninsu ne. Ina dai kewar gidan da ake son mutum har a kasa kiransa.