Daƙuwar Mista Doson

A gidanmu na Takoma Park, can ƙasar Turawa, babu murhu, sai ƙarfen hita mai ɗumama ɗaki da ke huci a gindin taga. Nan Kaka, uwar Babana, take zama bayan tuwon yamma ta yi mana tatsuniya, tun zuwanta daga Zariya. Kaka ba ta yanke hukunci da baki. In ka yi laifi, a cikin tatsuniya za ka ji makomarka.

Lokacin ina buga besbol, ƙwallon da ake duka da gora, kuma ina son wasan kamar raina. Kocinmu Mista Doson ne, tsohon ɗan wasan ƙwararru. A zamaninsa shi ne mai tsugunawa bayan mai gora yana cafe ƙwallo, daga baya ya zama manajan wata ƙaramar ƙungiya.

Wata Asabar Kaka ta zo kallo. Ina cikin gudu sai Mista Doson ya ɗago tafukansa biyu, yatsu a ware, wato in tsaya. Kaka ta miƙe tsaye.

"Daƙuwa? Da hannu biyu? Uwar wa yake zagi? Ladi, wuce mu tafi!"

A mota ta ce na bar wasan ke nan. Baba ya soma bayani, ta dube shi, ya haɗiye sauran. Washegari Mista Doson ya zo gida. Da gwiwoyinsa da suka lalace ya tsuguna gaban kujerarta, ya nuna mata yatsunsa karkatattu, Baba yana fassara. Da ya gama, ya tashi ya fita.

Da yamma na kasa cin tuwo. Tsoro nake ji ƙwarai.

"Ga ta nan, ta hayo jirgi ta zo muku," in ji Kaka.

Wai an yi wani mutum da aikinsa tsuguno. Fuskarsa cikin ƙarfe, ana jifarsa yana cafewa. An hana shi magana, sai da yatsu yake faɗa wa mai jifa abin da zai yi, har yatsun suka kakkarye. Da ya tsufa aka ba shi shugabancin majefa. Rannan wata baƙuwar tsohuwa ta ga hannunsa, ta ce ya zage ta.

Nan Kaka ta tsaya, ta hau gyaran ɗankwali. Hita na huci. Na kasa haƙuri.

"Kaka, sai me?"

"Sai tsohuwar ta ji kunya mana. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a tsugune, ina ya koyi zagi? Ke kuma, in ya ce tsaya, ki tsaya."

Na daɗe ina zaton labarin Mista Doson ne. Sai da na girma na gane haƙuri ta ba shi, ta hanyar da ta iya.

Ranar da za ta koma gida, a filin jirgi, na ƙwace daga hannun Baba na bi ta da gudu ina kuka. Ta juyo, ta ajiye jakarta, ta ɗago mini tafukanta biyu, yatsu a ware.

Na tsaya. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.