Ranar da Na Auna Zafin Kunu da Injin Inna

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, na tafka wata wauta da har yau in aka dama kunu a gidanmu sai an waiwayo an kalle ni. Na auna zafin kunun tsamiya da injin ƙyanƙyasar ƙwai na mahaifiyata.

Ku tsaya in yi bayani tukuna. Injin akwati ne mai aiki da sola, an ajiye shi a ɗakin da nake karatu. A jikinsa akwai ƙaramar na'ura mai nuna jajayen lambobi. Daga ita wata siririyar igiyar wuta ta shiga cikin akwatin, da ɗan ƙarfe a bakinta kamar ƙwayar wake. Ɗan ƙarfen nan shi ke jin zafi, ya gaya wa na'urar ta ƙara ɗumi ko ta rage. A ciki akwai ƙwan zabi sittin da Inna ta sa aka tattaro mata daga ƙauyukan wajen Baure, sun yi kwana ashirin, saura kamar mako guda su fashe. Kawuna, wato yayanta, tun ranar da aka kawo injin ya ce akwati ba zai taɓa yin aikin kaza ba. Inna ta ce ya zuba ido.

Ranar da safe kunu ya ƙona min harshe, sai na ce bari in san iyakar zafin da ya yi min wannan ɗanyen aiki. Na zaro ɗan ƙarfen na tsoma a kofi. Lambobi suka fara hawa, arba'in, hamsin, sittin, ina ta murna kamar ni na ƙirƙiro lantarki. Can sai suka ɓace, wasu haruffa biyu suka fito suna ƙiftawa, na'urar ta kama kuka tii-tii. Na goge ƙarfen da bakin riga, na mayar, na fita ina fito kamar ban taɓa ganin kunu ba.

Kafin hantsi akwatin ya fara hucewa. Inna ta tsaya a kansa tana salati. Kawu ya iso, ya harɗe hannu a baya, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Ni ne na hango wata takarda manne a bayan na'urar, da lambar waya ta kamfanin da ya ƙera ta, can wata ƙasa mai nisa, an rubuta a tuntuɓe su in an sami matsala. Na karɓi wayar Inna na tura saƙo da Turancin makaranta: inji ya lalace da kansa, babu wanda ya taɓa shi. Wannan “da kansa” har sau biyu na rubuta.

Ba a jima ba amsa ta zo. Wani ma'aikacinsu ya gaishe ni da ladabi, ya ce in turo lambar da ke jikin na'urar da hoton yadda aka haɗa ta.

“Kada ka kuskura,” in ji Kawu. “Haka suke farawa. Yau lambar inji, gobe lambar banki. Mutum bai san ka ba, bai san ubanka ba, yake amsa maka kyauta da wannan saurin?”

“Yaya, ƙwai na hucewa,” in ji Inna. Amma ita ma da nata zargin. Kafin in ɗauki hoto sai da ta lulluɓe gilashin akwatin da zane, ta ce baƙon ido ba zai ƙirga mata ƙwai ba.

Mutumin ya duba, ya rubuto: shin ɗan ƙarfen nan ya shiga ruwa, ko wani abu mai ruwa?

Ina ya sani? Na ƙura wa na'urar ido, na ga wani ɗan rami a gefenta, nan take na tabbata kyamara ce. Na lallaɓa na toshe shi da cingam.

“Me ya ce?” in ji Inna.

“Yana gaishe ku. Yana tambayar ya damina.”

“Duk wannan rubutun gaisuwa ce?”

“Su can haka suke, Inna, akwai su da zumunci.”

Ta dube ni irin duban da ke sa mutum ya tuna laifin da ya yi tun yana rarrafe. Na amsa wa mutumin cewa ko raɓa ba ta taɓa shi ba. Ya ce to, in ɗauki hoton ƙarfen kusa-kusa. Na ɗauka, a raina ina cewa ai na goge tas.

Hoton ya dawo da jan zagaye a daidai inda ƙarfen ya haɗu da igiyar. A cikin zagayen ga wani busasshen abu fari-fari ya maƙale. Ƙasa ya sa alamar tambaya guda ɗaya. Wannan kam ba ta buƙatar tafinta.

“Kun gani ko!” in ji Kawu. “Har cikin ɗaki suna kallonmu!”

Inna ta matso kusa da akwatin. Ta zaro ƙarfen, ta kai hanci.

“Tsamiya,” ta ce. Ta sake sunsunawa. “Da citta. Yaya, ba kamfani ba ne. Ɓarawon a gida ya karya kumallo.”

Nan na zube na faɗi komai, har da cingam. Ta ce kunnena zai jira, in fara gaya wa bawan Allah gaskiya. Da na rubuta, bai yi faɗa ba. Ya ce kunun ne ya shige ciki ya kashe ƙarfen, na'urar lafiyarta ƙalau. Ramin kuwa na fitar ƙara ne, in cire abin da na liƙa. A rufe akwatin da bargo, kada a buɗe, a nemi irin ƙarfen wurin masu gyaran firji. Ya rubuto lambar da za mu tambaya, ya zana inda za a ɗaura.

Kawu ne ya goya ni a babur zuwa bakin kasuwa, yana mita tun daga ƙofar gida. Mai gyara na biyu ya samo mana a cikin gwangwanin tarkace. Kafin azahar jajayen lambobi suka dawo, akwati ya ɗauki ɗumi.

“Yanzu za ku ga ya turo lambar asusu,” in ji Kawu.

Muka zauna muna jira. Saƙo ya shigo: yana mana fatan alheri, in sun ƙyanƙyashe zai so ya ga hotonsu.

“Ahaf! Ashe zabin yake hari!” in ji Kawu.

Abin da ke ba ni kunya in na tuna, ranar kowa a gidanmu ya zargi mutumin nan, har da ni da na san ainihin mai laifi. Shi kaɗai ne bai yi wa kowa ƙarya ba, ni kuwa na ɓata masa lokaci ƙwai suna hucewa. Yanzu in zan nemi taimako a kan wata na'ura, da abin da na yi mata nake fara bayani.

Zabi arba'in da ɗaya suka fito. Sha taran da ba su fashe ba, har gobe Inna “zabinka” take kiransu. Hoton kuwa ba a tura ba, Inna ta hana.