Ranar da Na Kama Mai Cinye Mana Mega

Ko na tsufa na manta inda na ajiye hulata, ba zan manta da ranar da na kama mai cinye mana mega a gidanmu na Malanville ba. Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai, wani lokacin dariyar ta zo da ƙwalla.

Ni ne babba a gidan, sana'ata albasa. Ina saye daga manoman Garou, ina lodawa zuwa kudu. Kuma ni mutum ne mai tsimi, ƙannena dai rowa suke kiran abin. Da na ji ana iya sayen forfe guda na intanet, wato ƙunshin mega na wata, a raba shi ga wayoyin 'yan gida, sai na tara su na yi musu huɗuba. Na ce sayen ɗai-ɗai asara ce, kowa ya kawo nasa mu saya a dunƙule, kamar yadda buhu ya fi tiya araha. Ƙanena mai kabu-kabu ya yarda, ƙanwata mai sayar da atamfa ta yarda. Muka saka har da wayar Inna, mahaifiyarmu, don kada a ce an ware ta. Na ce ai tsohuwa ba abin da za ta ci.

A lokacin an rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya. Matasa suna ketarewa da kwalekwale, amma Inna ƙafafunta ba su yarda da wannan ba. Yayarta kuwa, wadda muke kira Inna Babba, tana can Gaya, ita ma tsufa ya kama ta. Da can ba a mako biyu ba su ga juna ba. Tun da hanya ta toshe Inna ta yi shiru, ta rage cin abinci, ta rame har muka fara zancen likita. Sai ga shi bayan 'yan makonni ta warware da kanta, tana ci tana raha. Muka gode wa Allah, babu wanda ya tambayi dalili.

Shi kuwa forfe tun watan farko ya nuna mana hali. Abin da aka ce zai kai ƙarshen wata, ko rabi bai kai ba. Na ƙara, ya sake ƙarewa. Nan gida ya ɗauki zafi. Ƙanwata ta ce ƙanena ne, kullum yana gindin bishiya yana kallon kokawa a waya maimakon neman fasinja. Shi kuma ya ce ita ce, atamfa ɗaya sai ta ɗauke ta hoto ta gaba ta baya ta tura wa duniya. Su biyun kuma suka haɗu a kaina, wai ni ne mai aika wa 'yan Kwatano bidiyon albasa kamar ba su taɓa ganin albasa ba.

Abin ya kai ni bango wata ranar kasuwa. Wani mai saye yana jira in nuna masa kaya ta waya kafin ya turo mota, na danna na danna, mega babu. Kafin in je in sayo, ya yi ciniki da wani. Na dawo gida raina a ɓace, na tsaya tsakar gida na ce, "Ku ji ni da kyau. Duk wanda na kama shi ka cinye muna megan ga, ko wane ne, hidda shi za ni yi. Ba roƙo, ba ban haƙuri." Inna tana gefe tana tsince shinkafa, har da gyaɗa kai, ta ce, "Gaskiya tai. Ɓarna ba ta da kyau."

Bayan 'yan kwanaki na dawo gida da hantsi, lokacin da ban saba dawowa ba, don in ɗauki igiyar ɗaure buhu. Tun daga zaure na ji dariyar Inna Babba. Ba na ɓata wannan dariyar, ita ce mai ƙarewa da tari. Farin ciki ya kama ni, na ce ashe tsohuwa ta yi ƙarfin hali ta hau kwalekwale. Na cire takalmi na shiga da sauri ina sallama.

Inna ce kaɗai a kan tabarma, da akushin dambu a gabanta. Can jikin turmi an jingine waya, a cikinta ga Inna Babba zaune a tsakar gidanta na Gaya, ita ma da nata kwanon. Tare suke ci. Ba ma hira suke yi sosai ba. Wannan ta kai loma, waccan ta kai, can ɗaya ta ce yaji ya yi yawa, ɗayar ta ce ai tun suna yara hannunta bai san kaɗan ba. Na durƙusa gaban turmi na gaida Inna Babba, ta tambaye ni iyali ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar da muka yanka tun bara.

Da na sami sarari na ce, "Inna, tun yaushe kuke bisa wayar ga?"

Ta ce, "Tun da munka yi sallar asuba."

"Kullum haka?"

"Kullum. In ba rezo ya ƙiya ba," wato in ba layin waya ya yanke ba.

Na ce, "To in kun gama gaisawa, mi ya hana ki taɓa jan nan ki kashe?"

Ta ajiye lomar da ke hannunta ta dube ni kamar na zagi wani. Ta ce, "Kai! Ni in kashe ma yayata? Wadda tag goye ni? In da ta zaka gidan ga da ƙahwahunta, sai in ruhe ƙohwa bisa huskarta?"

Daga jikin turmi Inna Babba ta ce, "Bar shi, yaro na. Ni ko nakan ce mata za ni tahi. Sai ta ce bari ta raka ni."

Ashe da gaske rakiya ake yi. Inna takan ɗauki wayar ta taka da ita har bakin zaure, suna sallama. In sun isa, Inna Babba ta ce ba ta yarda ƙanwarta ta koma ita kaɗai ba, ita ma bari ta taka mata. Kafin a dawo tabarma wani labarin ya taso. Na ce to wa ke raba ku? Suka amsa kusan tare, wai batiri.

Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya har cikina ya ƙulle, su ma suka kama dariya ba su san dalili ba. Amma cikin dariyar idona yana kan akushin nan. Inna ta kusa cinye shi tas, ita da a baya sai an yi ta lallashi kafin ta kai loma uku. A nan na gane maganin da ya tashe ta, kuma na tuna da bakina na ce zan cire mai laifi ko wane ne.

Da yamma na kira ƙannena gefe na gaya musu. Ƙanena ya yi ta tafa hannu yana cewa, "Yaya, ka ce ba roƙo ba ban haƙuri. Tashi ka hidda ta mu gani!" Na ce ya rufe mini baki. Ƙanwata kuwa ta ce, "Ni a hidda ni. Ina sayen nawa, amma ba ni barin ba da kasona, a bar ma Inna." Ƙanena ya daina dariya ya ce shi ma haka. Ni ma na bi sahu. Aka wayi gari forfe na iyali mutum ɗaya ke cinsa, mu uku muna biya, kowa kuma yana sayen nasa a gefe. Inna ba ta taɓa sani ba. Abin da ta lura da shi kawai, wai kwanan nan rezo ya gyaru.

Idan yau wani ya tambaye ni ko haɗa mega da iyali yana rage kashe kuɗi, nakan ce a gidanmu ko dala bai rage ba, ninkawa ma ya yi. Amma ya koya mini in daina yanke hukunci a kan ɓarna kafin in ga bakin da abin ke shiga. Na shiga neman araha, na fito da uwa mai cin abinci tana dariya, kuma tun da nake ciniki ban taɓa sayen abin da ya kai wannan araha ba.