Ɗan Takarar da Ya Tambaye Ni Sunan 'Yata

Wata rana, ana saura kwana tara zaɓen 'yan majalisar ƙasa, na tsinci kaina ni kaɗai a bakin titi.

Faci nake yi. Rumfata tana daidai inda hanyar ƙauyenmu ta haɗu da kwalta, a gindin wata darbejiya.

Tun da hantsi manyan motoci biyu suka zo suka kwashe jama'a zuwa taron wata jam'iyya a cikin gari. Mai shayi ya bi su. Mai rake ya bi su. An ce ana rabon atamfa da huluna.

Ni ban je ba. Wata biyar ke nan rabona da shiga taro.

Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji biyu na sakandare na tsaya. Amma bari in faɗa muku dalili.

Ina da 'ya. Ko in ce na taɓa samun 'ya.

Shekararta biyu da rabi zazzaɓi ya kama ta cikin damina. Ba mu da asibiti a ƙauye. Muka ɗora ta a amalanke, ni da mahaifiyarta, muka nufi gari. Ba mu ƙetare rafi da ita da rai ba.

Bayan sadakar arba'in mahaifiyarta ta ce za ta je gidansu ta ɗan huta. Ba faɗa muka yi ba. Ɗakin ne ya yi mana faɗi.

'Yar fari ce. Kun san al'adarmu, ba a kiran ɗan fari da sunansa. Ranar sunanta ma ɓuya na yi a bayan gida, kawuna ne ya yi mata huɗuba. Tun daga ranar har ta koma ga Allah, ban taɓa furta sunanta ba. "Ke" nake ce mata. In da mutane a wurin, in ce "yarinyar nan".

To, ina zaune wajen azahar, sai ga wani dattijo yana turo babur. Gumi ya jiƙe masa riga. An ɗaure ƙaramar lasifika a gaban babur ɗin da igiyar roba, a baya kuma ga wani kwali da hotonsa, rana ta cinye rabin fuskar.

Ya yi sallama, ya ce sunansa Malam Hambali, takara yake yi.

Na ce, "Wace jam'iyya, Baba?"

Ya ce, "Babu. Da kaina na tsaya."

Na leƙa bayansa. Titi fayau.

"To ina tawagar taka?"

Ya nuna tayar baya. "Ga ta nan ta yi faci."

Ban san lokacin da na yi murmushi ba. Na daɗe ban yi ba, har na ji fuskata ta yi mini wani iri.

Na kwance tayar, na ciro tub, na ba shi iska, na nutsa shi a bahon ruwa ina neman inda ya huje.

A nan yarinyar take tsugunawa in an kawo mini abinci da ita. Da kumfa ta taso sai ta nuna da yatsa, "Baba, ga shi." Kullum tana riga ni gani.

Ranar kumfar ta taso, ta yi ta tasowa, ba wanda ya nuna.

Na tsaya ina kallon ruwan har dattijon ya ce, "Ɗana, lafiya?"

Don in kawar da zancen na ce, "Baba, kai me za ka raba? Can atamfa suke bayarwa."

Ya ce ba shi da atamfa. Ya ce shekara ashirin da takwas ya yi yana yawon rigakafi a ƙauyukan nan, babu gidan da bai san ƙofarsa ba. Bayan ya yi ritaya ya bi wasu dattawa zuwa wani ofis neman a gina ƙaramin asibiti a yankinmu. Aka buɗe takarda aka nuna musu. A takardar, yara ƙalilan ake haifa a nan, kuma kusan babu mai mutuwa.

Ya ce, "Ka gane? A takarda yaranku ba sa mutuwa, domin a takarda ba a haife su ba."

Abin da yake so ya kai majalisa ke nan. Doka wadda za ta sa kowane ƙauye ya samu mutum guda mai rubuta haihuwa da mutuwa, kyauta, a wurin raɗin suna da wurin jana'iza, ba sai talaka ya yi tafiyar yini ba. Sannan a riƙa raba asibitoci bisa wannan rubutun, ba bisa wanda ya san wani ba. Ma'aikacin lafiyar da aka turo kuma a gina masa ɗaki, don kada ya gudu gari tun ran Laraba.

Na ce, "Shi ke nan? Ba titi, ba taki?"

Ya ce, "Ɗan majalisa ba ya zuba kwalta, doka yake yi. Wanda ya ce maka zai zuba, ka tambaye shi da wane shebur."

Sai ya ciro wani littafi daga jakarsa, irin mai baƙin bango, ya sha hannu. Ya ce duk ƙauyen da ya shiga yana rubuta yaran da suka rasu ba takarda, shekara uku baya. Ko ya ci ko bai ci ba, sai littafin ya shiga majalisa.

Hannuna yana kan gam ɗin liƙe facin, na ce, "Ni ma an yi mini rasuwa."

Ban yi niyyar faɗa ba.

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi mata addu'a mai tsawo. Na ce masa kada ya ɓata lokacinsa a kaina, ko katin zaɓe ba ni da shi.

Ya ce, "Ka ji na tambaye ka ƙuri'a?"

Ya buɗe littafin. Ya tambayi shekarunta, na faɗa. Watan da ta rasu, na faɗa. Ciwo, na faɗa.

"Yaya sunanta?"

Na sunkuyar da kai. "'Yar fari ce, Baba."

"Na gane. Nawa ɗan farin ya yi furfura, har gobe 'wancan' nake ce masa. Akwai wanda zai faɗa mini a madadinka?"

Na duba hagu, na duba dama. Bencin mai shayi a kife. Akuya guda tana cin ɓawon rake.

"Babu kowa."

"To ba dole. Sai in sa 'yar mai faci."

Ya fara rubutawa. Idona ya faɗa kan shafin.

Jinjirin gidan maƙera. 'Yar wajen Tabawa. Tagwaye, ba a kai ga suna ba. Ɗan mai rijiya.

Layi bayan layi, yara sun zo sun koma kamar baƙin da ba a tambayi daga ina suke ba.

A nan wani abu ya faɗo mini a rai. Kunyar nan da muke yi, mai rai ake yi wa. Wata rana zai girma ya gane cewa so ne ya ɗaure bakin ubansa. Ita ba ta kai nan ba. Ta zo duniya ta fita tana jin kowa yana kiranta, ban da ni.

Na riƙe masa hannu, har na ɓata masa hannun riga da gam.

Na ce, "Huwaila."

Muryar ba ta fita sosai ba. Ya ɗan karkato kunne.

"Huwaila, Baba. Huwaila Sabi'u."

Ya soke abin da ya fara, ya rubuta shi da manyan baƙaƙe, ya juyo da littafin don in gani. Bai ce mini in yi haƙuri ba. Ya bar ni na yi kukana, yana riƙe da tub ɗinsa har gam ya bushe.

Na gama masa facin, ya hau, ya kunna lasifikar. Na daɗe ina jin muryarsa tana yi wa gonakin gero bayanin dokarsa.

Bai ci zaɓen ba. Na huɗu ya zo. An ce ya kai littafin hannun wanda ya ci, ban sani ba ko an buɗe. Har yau ba mu da asibiti.

Amma ranar Juma'ar da ta biyo bayan haɗuwarmu na rufe rumfa na tafi gidan surukaina. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Mahaifiyar Huwaila ta fito ta tsuguna daga bakin ƙofa, muka gaisa kamar baƙi.

Na rasa ta inda zan fara. Sai kawai na ce, "Ina kewar Huwaila."

Ta ɗago ta dube ni. Ita ma ba ta taɓa faɗar sunan ba.

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Can, daga cikin mayafin, ta ce, "Sake faɗa."

Darasi:

Ba na zagin al'ada, ita ta raine ni. Amma wanda kake so, ka bari ya ji sunansa a bakinka ko sau ɗaya ne, tun kunnensa yana ji.

Ka yi wa ɗanka takardar haihuwa, ko tafiyar yini ce.

In ɗan takara ya tsaya a ƙofarka, kada ka tsaya kan abin da ya kawo. Ka lura da abin da ya tambaye ka.

Duk wanda ya karanta, ya yi wa Huwaila addu'a. In kai ma akwai naka da ba a rubuta ko'ina ba, rubuta sunansa a ƙasa. Sannan ka tura wa wani uban da har yau "kai" yake ce wa ɗansa.